Abin da Ya Rage a Kaset ɗin Baba Raufu

Kayode ya zalunci uwarsa, kuma bai san ya yi ba sai ranar sadakar uku.

Ubansa, Baba Raufu, mai gyaran rediyo ne a Funtuwa. Da la'asar yakan tara 'ya'yan maƙwabta a ƙofar shago, kowa ya ba da tatsuniya da Turanci a gaban rikoda, a mayar masa da muryarsa ya ji inda harshensa ya karkace. Kaset ɗaya gare shi na wannan aiki, shi ya sa bai taɓa ɓalle masa kunne ba, don a riƙa gogewa ana sake ɗauka.

Da ciwo ya kwantar da shi, a ɗaki yara suke samunsa. Ranar ƙarshe da ya iya zama, shi ya karɓi rikodar ya ba da labarin zuwansa Funtuwa a motar auduga, da yadda ya fara ganin matarsa Abike, uwar Kayode, tana tallar burodi a tasha. Abike tana bakin ƙofa tana cewa, "Ƙarya kake, Baban Kayode, ni na fara ganinka."

Kayode ya zo dubiya daga Kaduna. Bai zauna da uban ba. Ya sungumi rikodar ya tafi bikin abokinsa a Malumfashi, washegari ya ajiye ta ya koma. Bayan mako Baba Raufu ya cika.

Ranar sadakar uku, da masu gaisuwa suka watse, Abike ta ce da maƙwabciyarta, "Gwaggo Tasalla, miƙo mini rikodar nan. Muryarsa kawai nake so in ji."

"Ki bari sai kin huta mana, Iya."

"Ban gaji ba."

Kayode ne ya danna. Ganga ta tashi, da guɗa, da muryarsa shi kansa yana kiran a ƙaro lemo. Ya juya kaset. Bikin ne dai.

Abike ba ta dube shi ba. Ta ce, "Bar shi ya kai ƙarshe."

Can dab da tsayawa kiɗan ya yanke. Aka ji tari, sannan Baba Raufu a hankali yana ce wa ɗaya daga cikin yaran: "Sake faɗa, Ladidi. Kada ki yi sauri."

Abike ta zare kaset ɗin, ta ɓalle kunnen da tsinken ɗankunne don kada a sake ɗauka a kansa, ta ƙulle shi a gefen zanenta.

Har ta mutu ba ta sake barin Kayode ya ji shi ba.