Riga Mai Dogon Hannu

Riga mai dogon hannu Auta ya ce yana so, maɓalli biyu a wuyan hannu. Yayarsa tela ce. Ta ture ɗinkin mutane gefe ta yi masa.

Wata ƙaramar mujallar adabi ce ta shirya taron, a ɗakin karatun wata makaranta. Kujerun roba, fanka ɗaya mai ƙara, kwalin sabuwar fitowa a kan teburi. An rubuta a allo: "Wane ne ni?" Yaya ta zauna a layin gaba, jaka a cinya.

Editan ya buga lasifika da yatsa. "Na gaba bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba. Labarinsa ba ƙage ba ne, rayuwarsa ce."

Auta ya gyara tabarau ya fara. "An haife ni bahago. Mahaifina ya ɗaure mini hagu da igiyar shanya a ƙafar gado, ya ajiye abinci a damana."

Yaya ta daina murmushi.

Bai bar komai ba. Ƙudan da ya sauka a bakin kwano. Yadda igiyar ta ci fata. Yadda har yau sai an kulle ƙofa hagun ke ɗaukar almakashi, sai dai shi ya mayar da almakashin alƙalami. Ita aka ɗaure, kuma ana wannan ɗauri ba a ma haife shi ba. Ita ta ba shi labarin a shago, makon da ya dawo, yana kwance a kan benci yana cewa, "Yaya, ƙara faɗa mini wurin ƙudan nan." Ko mijinta ba ta taɓa gaya wa ba.

Ta sa hannu ta rufe awarwaron da ke ɓoye tabon.

Aka yi tafi. Wata a bayanta tana jan hanci.

Bayan an tashi, mutane suka yi layi yana sa musu hannu a mujalla, da hannun dama.

"Kun gani?" in ji shi. "Har yau igiyar ba ta sake ni ba."

Da layi ya zo kanta, editan ya washe baki. "Ke ce yayar? Ashe a idonki aka yi!"

"Ina wurin," in ji ta.

Auta bai ɗago ba. "Yaya, ma yi magana a gida."

"Wace magana kuma, Auta? Ai ka gama ta."

Garin miƙa mujallu, maɓallin hannunsa na hagu ya ɓalle, rigar ta zame. Fatar sumul, ko ƙwarzane babu. Editan na tsaye dab da su.

Yaya ta miƙa hagunta, a gaban kowa. Ta ja hannun rigar, ta sa maɓallin farko, ta sa na biyu.

"Rufe," ta ce. "Kada ka sa a ce ɗinkina ne bai yi ba."