Injin da Ya Ƙi Hannun Alassani

A unguwar Kpangalam ta Sokode, in mota ta fara tari ko ƙwanƙwasa, wurin Alassani ake kai ta. Shekara talatin ya yi yana gyara a gindin wani mangwaro, kuma da kunne yake aiki. Sai ya sassauta delko, abin nan da ke raba wa buji, wato fulogi, wuta, ya riƙa murɗa shi a hankali yana saurare, har wutar ta faɗo daidai lokacinta, injin ya kwantar da murya.

A farkon shekarar 1993, yajin aikin gama-gari ya shiga wata na uku, an yi harbe-harbe a Lome, mutane suna ta barin garin. Ran wata Talata da hantsi sai ga ƙaninsa Fousséni a cikin wata doguwar mota ruwan toka. Direba ne a Lome, mai gidansa ya tsallaka Gana ya bar masa makulli. A kujerar baya matarsa Zalia ce zaune, kan mahaifinta Malam Bukari bisa cinyarta. Ɓarin jikin tsohon ya shanye kwana shida da suka wuce, sun zaga asibitoci ba su samu mai duba shi ba.

"Yaya, taimake ni," in ji Fousséni. "Tun daga Blitta take ƙara kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Da na taka sai ta fara. Baba kuwa ba abin da yake iya faɗa sai Dapaong. Gida yake so."

"Wane mai ka zuba mata?"

"Na kwalba, na bakin hanya. Ina gidan mai yanzu?"

Alassani ya buɗe gaban motar ya tsaya yana kallo. Babu karbirato. Wayoyi ne birjik, ga turbo a gefe yana huci, wanda ke cusa wa injin iska da ƙarfi. Ciwon dai ya gane shi: man ba shi da kyau, yana kamawa kafin lokaci, turbo kuma yana ƙara masa zafi. Maganin a ja wutar baya kaɗan. Ya yi wannan sau dubu.

Ya sassauta delko ya murɗa. Muryar injin ba ta canza ba. Ya ƙara murɗawa har injin ya soma sarƙewa, ya mayar. Ya aika aka aro masa fitilar duba wuta a garejin tasha, ya shafa alli a kan alamar da ke nuna lokacin wutar, ya haska. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, alamar tana nan inda take, ko gezau.

Fousséni ya durƙusa ya nuna masa wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kujerar gaba. "Mai gida ya ce kwamfuta ce. Wai ita ke ba da wutar, tun daga masana'anta aka tsara ta."

Alassani ya kwance akwatin ya buɗe. Wani koren faranti ne da ƙananan abubuwa jere kamar ƙwayar gero. Babu notin da za a juya, babu inda sukudireba za ta shiga. Ya daɗe riƙe da shi a hannu.

"Wa ke taɓa irin wannan?"

"Mutum ɗaya ne na sani, a Lome. Shagonsa a rufe, an ce ya gudu Kwatano."

Zalia ta leƙo ta taga. "Yaya Alassani, za ta kai mu?"

Ya mayar da akwatin, ya sassauta sandar da ke riƙe ƙofar turbo don iskar ta ragu, ya tace man da tsumma, ya wanke buji. Motocin haya babu, direbobi suna tsoron shingaye. Sai ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya shiga gaba.

"Kada ka taka ta," ya ce wa ƙaninsa. "Ko da kunkuru zai wuce mu."

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ta yi shiru. Da suka fara hawan dutsen Aledjo sai tsakuwar ta dawo. Alassani yana jin kowace ƙara a haƙoransa. Ya san abin da ke faruwa a ciki, ya san kan fistan ne ke cin wuta, ya san ɗan abin da za a ja baya bai fi kaurin farce ba, ga shi zaune hannuwansa bisa gwiwa. Ya ce a tsaya ta huce. Suka tsaya sau huɗu kafin Kara. A shinge uku na sojoji aka sauke su aka zazzage kaya, a na ƙarshe har aka sa Zalia ta yaye mayafin da ta rufa wa mahaifinta, a ga ko makami ne. Suka kwana a Kante, a ƙofar wani masallaci.

Washegari bayan azahar, sun wuce Mango da kaɗan, injin ya yi wata ƙara guda, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayan motar. Fousséni ya gangara gefe ya kifa kansa a sitiyari.

"Yaya, ba abin da za ka yi?"

"Babu," in ji Alassani.

Suka zauna a rana. Zalia tana jiƙa gefen zaninta tana goga wa tsohon a leɓe. Sai wajen la'asar wata babbar motar shanu da ta fito daga Gando ta tsaya. Direbanta, wani mutumin Nijar mai suna Siddiƙ, ya leƙa ya ga mara lafiya, bai tambayi kome ba ya ciro igiya. Haka aka ja su har Dapaong.

An shigar da Malam Bukari ɗakinsa da ransa. Ƙannensa suka taru, matarsa Azara tana kiran sunansa, tana ce masa ga shi a gida. Idonsa a buɗe, amma ba wanda ya iya cewa ya gane inda yake. Tun a Kante ya daina magana. Kwana biyu ya yi ya cika.

Bayan sadakar uku, Alassani ya kwance kan injin a ƙofar gidan. Fistan na uku ya huje, ramin ya isa babban yatsa ya shige. Ya nuna wa Fousséni, suka mayar da murfin ba su ɗaure ba, suka tura motar jikin katanga suka rufa mata tabarmi.

Da zai tafi Zalia ta biyo shi har bakin hanya da ƙullin gyaɗa, ta durƙusa tana godiya. Ya ce mata ta tashi, shi bai yi kome ba. Ya hau bayan wata motar albasa mai zuwa kudu, ya zauna kan buhu da jakarsa a cinya.