Za Su Ji

A maɗaba'ar da ke bayan tashar mota, ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a ake kashe babban inji. Da zarar rurinsa ya ɗauke sai kunnuwa su buɗe, bakuna ma su buɗe. Mai inji ya goge tawadar hannunsa da tsumma, masu naɗe takarda su kakkaɓe riguna, kowa ya shiga jefa wa ɗan'uwansa gaisuwa: a huta gajiya, sai Litinin in da rai, a gaida mutanen gida. Amsar kuwa ba ta da wuya, kalma uku ce: za su ji.

Mutum ɗaya ne ba ya faɗarta. Shi ne mai duba kurakurai, dattijon da ke zaune a lungu kusa da taga, wanda ake ce wa Malam a gabansa, Jan Biro a bayan idonsa. Shekara ashirin da shida yana kan kujerar nan, kuma da wuya shafi ya bi ta gabansa ya fita ba tare da ya yi jina-jina ba. Ko takardar sanarwar da manaja ya liƙa a ƙofar banɗaki sai da ya bi ta ya ƙara mata waƙafi. In an ce masa a gaida mutanen gida, sai ya ɗaga biro sama kaɗan, ya ce "uhm," ya mai da kai kan shafi. Sababbin ma'aikata su ce girman kai ne. Tsofaffin su yi shiru, don sun san abin da ke ƙasa.

Ba girman kai ba ne. Mutumin nan bai iya barin kalmar da ba daidai ba ta wuce, a takarda ne ko a baki. In ya ce za su ji, su wa za su ji? Ɗaki biyu ne a gidan, da agogon bango, da kujerar matarsa da ba a sake zama a kanta ba tun da ta rasu shekara uku da suka wuce. Yana da 'ya ɗaya, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa yake ce mata Uwata, tana aure a can ɗaya gefen gari. Ita ma rabonsu da magana ya kusa shekara ukun.

Abin da ya raba su ma abin kunya ne a faɗa. Wata biyu bayan rasuwar, da ta ga mahaifinta ya zama kamar bango, ba ya ci sosai, ba ya magana, sai ta zauna ta rubuta masa wasiƙa shafi biyu, ta zazzage masa cikinta. Ta ce tana kewar uwarta, tana tsoron ta rasa shi shi ma, ya dawo wajensu da zama. Bayan kwana huɗu wasiƙar ta koma hannunta cikin sabon ambulan. Babu amsa ko layi ɗaya, sai jan biro a ko'ina: nan an raba kalma, nan an haɗe, nan an sa wa harafi lanƙwasa. Daga ranar ta daina kira. Shi ma ya jira ta fara, ita ma ta jira. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Har haihuwar da ta yi, a bakin surukinsa ya ji, ya aika da kaya, bai aika da ƙafa ba. Yana kewarta kullum, ya kuma san in aka ƙara 'yan shekaru a haka, jikarsa za ta girma ba ta san fuskarsa ba.

Ana nan sai aka ɗauki sabuwar mai ɗinkin littafi, wata mata mai jiki da murya, wadda cikin mako ɗaya kowa ya koma ce mata Inna Mai Zare. Ita ba ta san gaisuwar jefa-ka-wuce ba. In ta gaishe ka, tsayawa take yi sai ta karɓi amsarta a hannu. Juma'ar farko ya ba ta "uhm" ɗinsa. Ta biyu ma haka. A ta ukun ta dube shi ta ce, "Malam, wannan uhm ɗin da wane harafi ake rubuta shi?" Aka kwashe da dariya, shi kuwa ya yi kamar ba da shi ake ba.

Juma'a ta huɗu ta zo da aikin gaggawa. Littafin lissafi ne na 'yan makaranta, saura shafi uku, manaja na tsaye yana duba agogo. Malam ya nutse cikin wani jadawali da lambobinsa suka karkace, gilashi a kan hanci, yana bin layi da ɗan yatsa. Daga bakin ƙofa muryar Inna ta taso.

"Malam, a huta gajiya. A gaida mutanen gida."

"Za su ji," in ji shi.

Bakin ne ya faɗa, kamar yadda ya saba faɗa shekara ashirin da uku kafin gidan ya zama kango. Sai da ya ji wurin ya yi tsit sannan ya gane abin da ya fita. Mai inji ya tsaya da tsumma a hannu. Malam ya buɗe baki zai gyara, amma magana zarar bunu ce, kuma shi ya fi kowa sanin cewa abin da aka riga aka buga ba ya gyaruwa da jan biro.

"Madalla," in ji Inna, tana gyara jakarta a kafaɗa. "Ran Litinin zan tambaya ko sun ji."

Ya jiyo mai inji ya bi ta waje yana raɗa mata wani abu, ya kuma jiyo amsarta, don ita ba ta iya raɗa ba: "Ni dai na ba da saƙo, an karɓa. Saƙo kuma amana ne."

Da safiyar Asabar ya tsaya a tsakiyar falo ya gwada hanya mai sauƙi. Ya dubi kujerar matarsa ya ce, "Ana gaishe ku." Agogo ya ci gaba da abin da yake yi. Ya ji kansa kamar wanda ya goge kuskure da yawu. Ran Litinin matar nan za ta tsaya a kansa, kuma abu biyu ne: ko ya yi ƙarya da gangan, ko ya ce shi, Jan Biro, ya faɗi abin da ba haka ba. Ya ɗauko rigarsa mai kyau. Yana saka maɓalli ya san ba tsoron Inna ne ya tashe shi ba. Shekara uku yana neman dalilin da zai fake da shi ya je wajen 'yarsa, yau an miƙo masa.

Mota biyu ya hau. Ya sauka a gaban kantin magani, ya bi layin da ke da ramuka, ya tsaya a ƙofa mai koren fenti. Sau biyu ya ɗaga hannu yana saukewa, a na uku ya ƙwanƙwasa.

'Yarsa ce ta buɗe, da 'yar yarinya a kafaɗa tana tsotsar yatsa. Ta rame kaɗan, kuma ta ƙara kama da uwarta har sai da ya kau da ido.

"Baba," ta ce. Ta rusuna ta gaishe shi yadda ya kamata, amma ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. "Lafiya dai?"

"Lafiya, Uwata. Saƙo aka ba ni."

"Saƙon wa?"

"Wata mai ɗinkin littafi ce a wajen aikinmu. Ta ce a gaida mutanen gida."

"Ta san ni ne?"

"Ba ta san ki ba."

Ta dubi biron da ke leƙowa daga aljihun rigarsa, ta dube shi. "To ai nan ba gidanka ba ne, Baba."

Maganar ta soke shi, kuma ya san ya cancance ta. Ya ce, "Na duba can ɗin kaf, ɗaki da falo, ban samu wanda zan gaya wa ba. Mutanen gidana nan suke."

Sai ta matsa gefe.

Ta zaunar da shi, ta kawo ruwa, ta shiga ɗaki. Da ta fito, ambulan ne a hannunta, ya yi laushi don yawan buɗewa. Ta shimfiɗa wasiƙar a kan tebur a gabansa, ja ya cika ta.

"Ina kuka na rubuta wannan," ta ce. "Uwata ta mutu, na kai kukana wajen ubana, ya maido mini da maki kamar 'yar aji uku. Kuskure goma sha bakwai, Baba. Na ƙirga."

"Sha tara ne," in ji shi. "Biyu na gani na ƙyale."

Yana faɗa ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa ta zuba masa ido baki buɗe, sai wata dariya ta kufce mata, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. "Wayyo Allah, Baba! Hali zanen dutse."

"Tsaya ki ji," ya ce. Ya jawo shafi na biyu ya ɗora yatsa a layin ƙarshe, inda ta rubuta ina kaunarka, babu lanƙwasa a kan harafin farko. Ya sa masa lanƙwasar da ja, ya maimaita, ya sake maimaitawa, har takardar ta huje a wurin. "Kin ga nan?"

"Na gani. Na ce haushi ne ya sa ka huda ta."

"Takarda tara na ɓata ina neman amsa. Ni aikina gyaran maganar mutane, ban taɓa iya yin tawa ba. Uwarki ce ke yi mini. Da na iso kalmar nan sai na kasa wucewa, na yi ta bin ta da biro, ina ganin kamar za ki gane." Ya cire gilashinsa ya goge ido da bayan hannu. "Babu kuskure a wasiƙar nan, Uwata. Kuskuren ɗaya ne, ni na yi shi. Ki yafe mini. Ni ma ina ƙaunarki."

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kukan da ta riƙe shekara uku. Yarinyar ta ga an manta da ita, ta tako ta dafa ƙafarsa, ta zare jan biron daga aljihunsa ta kai baki. Biron da ko manaja bai isa ya taɓa ba. Ya bar mata.

Sai bayan la'asar ya tashi, bayan surukinsa ya dawo an sha hira, an kuma yanke cewa duk ƙarshen mako a nan zai riƙa yi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "To, me zan ce wa mai saƙo?"

Ta yagi takarda ta yi rubutu, ta ninke ta sa masa a aljihun da biro ya bari.

Ran Litinin ko jakarta Inna ba ta ajiye ba ta nufo lungun taga. Ma'aikata suka rage hayaniya, kowa ya yi kamar yana aiki.

"Malam, an tashi lafiya? Sun ji?"

Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a wurin. "Sun ji, Inna. Suna amsawa. Ga ma shaida."

Ta warware takardar ta karanta da ƙarfi yadda har na bakin ƙofa zai ji: "Na ji, ina amsawa. Na gode da kika aiko mini babana. Da kauna, 'yarsa." Ta buga guɗa a tsakiyar maɗaba'a, masu naɗe takarda suka hau tafi, manaja ya fito a guje yana tambayar ko inji ne ya kama hannun wani.

Malam ya karɓi takardar ya liƙa ta a allon sanarwa da hannunsa. Mai inji ya matso ya ƙura mata ido, sai ya yi murmushin mugunta, ya zaro biro daga bayan kunne ya miƙa masa.

"Malam, ga wata kauna nan ba lanƙwasa."

"Na gani," in ji shi. Ya san da gangan 'yarsa ta yi. "Bar ta. Daidai take."

Da Juma'a ta zagayo, ƙarfe huɗu na bugawa aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Jan Biro ya riga kowa rufe aiki, yana tsaye a bakin ƙofa da 'yar jakar kaya da ledar takalman yara. Duk wanda ya zo fita sai ya tsaya, don kowa na son ya ji da kunnensa.

"Malam, a huta gajiya, a gaida mutanen gida."

"Za su ji! Kai ma a gaida naka."

Haka ya yi ta amsawa, ɗaya bayan ɗaya, da murya har waje, fuskarsa kamar gonar auduga. Inna ce ta ƙarshe. Ta ce ya tsaya su taka tare zuwa tasha, ya ce ta yi haƙuri, sauri yake yi, motar can gefen gari da wuri take cika.

"Kuma kin ga kaya ne da ni," ya ce, yana ƙirgawa da yatsu. "Gaisuwar mutum goma sha ɗaya, taki ta sha biyu. So nake in kai wa kowa tasa tun da zafinta."