Teburin Bakin Ƙofa

Dogo ya makance yana saurayi, amma bai zauna ba. Ya koyi aiki da kwamfuta mai karanta masa rubutu da murya, ya koyi amsa kiran abokan ciniki. Abin da ya rasa shi ne mai ɗaukarsa aiki. A waya a ce masa ya zo gobe. In ya iso da sanda, sai a ce gurbin ya cike tun jiya. Ɗinkin matarsa ke riƙe da gidan, abin kuwa yana cinsa a rai.

Ƙanin matar, wanda kowa ke kira Auta, yana lura da ma'aikata a wani kamfani da ke sauraron koken masu sayen kayan lantarki. Shi ya zo da albishir.

"Yaya, ka wanke dogon wuyan nan naka, na samo maka gwaji a wurinmu."

"Kai da ake aike gishiri ka dawo da sukari?"

"Yau dai sukarin ake so. Manaja da kansa ya ce a kawo ka. Ka amsa kira da kyau, kujera ta zama taka."

Ranar gwaji matarsa ta goge masa riga, ta gyara masa wuyanta, ba ta ce komai ba. Ya ɗauka addu'a take yi.

Ɗakin aikin babba ne, da sanyin na'ura da ƙanshin maganin goge ƙasa. Muryoyi na tashi can ciki, kowa na ba wani haƙuri a tarho. Auta bai kai shi cikinsu ba. Ya zaunar da shi a wani tebur daf da ƙofa, ya sa masa abin sauraro a kunne, ya ɗora hannunsa a kan tarhon.

"In ya yi ƙara ka danna nan. Kwamfutarka kuma buɗe ta, a ji tana magana."

Dogo ya miƙe baya, ya jira. A ransa yana ta maimaita gaisuwar da zai fara da ita. Tarhon kowa na ƙara, nasa shiru. Ya ce wa kansa sabo ne, ba a saki layi gare shi ba tukuna.

Can ƙofa ta buɗe, turare mai tsada ya shigo da takalma da yawa. Duka suka tsaya a kansa. Wata murya mai kauri, ta manaja, ta ce, "Ga ɗaya daga cikinsu. Mu a nan ba ma duba lalurar mutum." Ya bayyana wa Dogo cewa baƙin daga wata ƙungiya suke, mai tallafa wa kamfanonin da ke ɗaukar naƙasassu.

Wata mata ta sunkuyo ta ɗaga murya kamar kurma take wa magana. "Kana jin daɗin aikinka?"

"Yau na…"

"Sosai ma," in ji Auta, ya matse masa kafaɗa. Aka ce Dogo ya riƙe tarho, ya yi murmushi. Ya ji ƙarar ɗaukar hoto. Aka tafa, aka fita.

Dogo yana da ɗabi'a: duk inda aka ajiye shi sai hannunsa ya san wurin. Da baƙi a kansa ya kame, da suka tafi ya sake. Ya shafa gefen tebur, aljihun teburin babu ko allura. Ya kama igiyar tarhon ya bi ta da yatsa, don ya san inda ba zai sa ƙafa ba. Ta gangara bayan tebur, ta zagaye ƙafarsa, ta ƙare a ƙulli. Bakinta na lilo a iska, ba a jona ta da komai ba.

Ya daɗe riƙe da ita. Da ya ji tafiyar Auta, sai ya ɗago ta.

"Zo ka gaya mini ta ina kiran zai shigo."

Auta ya rage murya. "Yaya, kada ka ɗauke ta da zafi. Manaja ya ce tsarinmu ba ya tafiya da irin kwamfutarka."

"Ya gwada?"

"Ba a gwada ba. Amma baƙin za su dawo nan gaba. In ka riƙa zuwa ana ganinka, wa ya sani?"

"Da ka ce mini hoto ake so, da na aiko maka da shi daga gida." Ya cire abin kunnen, ya rufe kwamfutarsa. "Me za ka ce wa yayarka?"

Auta ya ce, "Ai ta sani. Ita ta ce in kawo ka, ko ka sha iska, zaman gidan nan yana cinye ka."

Dogo ya laluba sandarsa. Auta ya miƙo masa gwiwar hannu, ya ƙi kamawa. Ya bugi ƙofa da kafaɗa, ya gyara, ya fita. A bakin titi wani mai gadi ya nuna masa inda ake hawa mota.

Da ya shiga gida keken ɗinki ya tsaya.

"Maigida, sannu da dawowa. Ya aikin?"

"Ba aiki. Kin riga ni sani."

"Don Allah ka saurare ni. Na ga kana ramewa ne…"

"Ƙofofin da aka rufe mini, a fuskata aka rufe su. Ban taɓa jin haushinsu kamar yadda na ji haushin abin da aka yi mini yau ba."

Ta fara kuka a hankali. Bai rarrashe ta ba, bai kuma ƙara mata ba. Ya zauna a bakin gado, ya buɗe kwamfutar, muryarta ta soma karanto masa guraben aiki ɗaya bayan ɗaya.

"In ka samu wani wurin," in ji matar, "wa zai raka ka?"

"Babu. Ba kuma za ki ji sunan wurin ba sai na dawo."