Katakon Teburin Tela

"Har yanzu ba ka taɓa katakon nan ba?"

Kafinta ya ɗago daga ƙofar da yake gogewa. Tela, maƙwabcinsa, yana tsaye bakin shagon, ya dafa bango, rigarsa na lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

"Aiki ne ya yi mini yawa."

"Wane aiki? Kai da ko kujerar tsuguno ba ta kwana a hannunka."

Tun da aka yi wa Tela aikin hanta aka sallamo shi, ya sa Kafinta ya yi masa sabon teburin yankan yadi. Ya ce da ɗinkin cikinsa ya kama zai koma kan keke, daga nan ya je ya ga 'yarsa da ta haihu a can nesa. Ta yi ta kira ya taho, yana cewa, "Bari in yi ƙiba tukuna, kar jikata ta ɗauka dodo ne."

Kafinta kuwa yana wurin ranar da likita ya faɗa wa dangi, a bayan idon Tela, cewa sun yanke abin da zai yanku, amma ciwon dajin ya riga ya haye huhu. Yayan Tela ya tare su a baranda. "Duk wanda Tela ya tambaya, ya ce masa an cire duka. Shi ke nan."

Tela ya matso ya shafa katakon. Ga layukan awo na fensir, ƙura ta kwanta a kansu. Tari ya sarƙe shi. Ya duba hankicinsa, ya ninke.

"Na tambaye ka a asibiti, ka ce an cire. Kai na tambaya, ba Yaya ba."

"Ɗan'uwa, ka ji..."

"Lokacin ina iya zaman mota."

Tela ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa.

"Da ka yanka shi, da har na mutu ban gane ba. Ƙarya ka iya. Ɓarnar katako ce ba za ka iya ba."

Ya koma gida yana bin bango. Daga ranar, in Kafinta ya shiga dubiya, sai ya juya masa baya. Aka kira 'yar, aka faɗa mata gaskiya, ta kamo hanya da jaririyar. Suna sauka a tasha Tela ya cika.

Da masu gaisuwa suka watse, Kafinta ya buɗe shago. Ya kwantar da katakon, ya share ƙurar da gefen hannu, ya ɗora zarto a kan layin farko. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da katakon jikin bango, ya juya fuskar awon ciki.