Ƙwayoyin da Ƙanwarta Ta Kawo

Bayan an yi wa Mai Ɗinki ƙarin ruwan maganin cutar kansa karo na uku saboda ƙullutun da aka gano a jikinta, ƙanwarta ta zo gida da wata 'yar kwalba cike da ƙananan fararen ƙwayoyi.

"Yaya, homiyofati ake ce masa. Ƙarƙashin harshe ake sawa, kuma ba ya zubar da gashi."

"Wane gashin kuma ya rage?" in ji Mai Ɗinki.

Duk da haka ta bi ta wurin mai ba da maganin. Ɗaki ne ƙarami, kwalabe jere a kan kantoci, fanka na ta ƙara. Awa guda ya yi yana tambayarta yadda take barci da abin da take tsoro. Ta fito zuciyarta wasai, har ta fara tunanin hutawa da asibiti.

Mijinta bai hana ta ba. "Ki nuna wa likita tukuna," iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar Talata ta ajiye kwalbar a teburin likita, tana jiran faɗa. Likitar ta juya kwalbar, ta karanta rubutun jikinta.

"Mama, wannan an yi ta sirka shi har kusan babu komai ciki sai sukari. Ba zai taɓa ƙullutun ba. In kina jin daɗin tsotsa, ba zan hana ki ba. Amma kada ki tsallake ƙarin ruwa ko ɗaya, kuma duk abin da aka kawo miki, in gani."

"Shi dai mai maganin ya tambaye ni abin da nake tsoro."

Likitar ta ajiye biro, ta jawo kujera kusa. "To, nima ina tambaya."

Mai Ɗinki ta gaya mata komai: aman da ke galabaitar da ita, da yatsun da suka dinga mutuwa har allura na suɓuce mata. Likitar ta sauya maganin amai, ta ce za su sa ido kan yatsun.

Bayan karo na shida hoto ya nuna ƙullutun ya ragu, aka cire shi. Ƙanwar ta tsaya kan cewa ƙwayoyinta ne suka yi aiki. Mijin ya ce har da takalminsa da ya cinye a hanyar asibiti. Mai Ɗinki ta bar su suna musu a falo, ta shiga shago, ta yaye zanin da ta rufe keken ɗinki da shi, ta zuba masa mai.