Abin da Auta Ta Faɗa wa Likita

Maƙwabciyata matar tela ce. Bayan rasuwar mijin ba ta bari an taɓa kekensa ba. Yana nan gindin taga, da guntun zare shuɗi a bakin allura. Kullum in rana ta take, sai ta ji ana ɗinki. Ni ban taɓa ji ba, amma na sha ganin ta ɗaga yatsa muna cikin hira.

"Rage murya, Yaya, yana kan wuyan riga."

Ba ta rame ba, ba ta fasa dariya ba. Autarta ce hankalinta ya tashi, ta ce sai an ga likita. Na raka su, don ni ba a fita a bar ni.

Likitan Turanci kaɗai yake ji, Auta ce tafinta. Ya saurara, ya yi tambaya mai tsawo.

"Mama, wai yaya ƙarar take miki? Su sun raba damuwa kashi-kashi. Akwai ta wanda hayaniya ta dama, akwai ta mai baƙin ciki, akwai ta mai firgita, akwai ta wanda kansa ya rikice. Wacce ce taki?"

"Oh ni! Damuwar ma sai an yanka ta kamar yadi? Ce masa ba ko ɗaya. Mutum na aikinsa, ina nawa."

Auta ta dubi uwar, ta dubi likita, idonta ya kawo ruwa. Ta faɗi kalma guda, gajera. Ban san Turanci ba, amma na ga fuskar likita ta sauya, ya jawo kujerarsa kusa. Aka ba mu ƙwayoyi farare.

A hanya na ja Auta gefe. "Ke, wacce kika zaɓa?"

"Ta ƙarshen, Gwaggo. In na faɗi mai sauƙi, cewa zai yi mu koma gida. Ni ce nake kwana da tsoro, ba ita ba."

Maganin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Da na shiga wata rana, na tarar da uwar zaune a bakin gado, hannuwa a cinya. Ɗakin tsit, har kana jin ƙuda a jikin labule. Auta ta kawo abinci, uwar ba ta ko kalle shi ba.

"Auta, me kika ce wa mutumin nan?"

"Abin da kika faɗa, Mama."

"A'a. Da abin da na faɗa ne, da babanki bai tafi ba." Ta gyara ɗankwalinta a hankali. "Sau biyu ke nan ana fitar min da shi daga ɗakin nan. Na farkon dai an bar ni na yi kuka."

Auta ta tsaya riƙe da kofin ruwa, ƙwayar tana tafin hannunta. Uwar ta buɗe baki tana jira, kamar yadda aka koya mata.